Yauƙin kuɓewa ya hana ni samun tsabtataccen DNA, ina neman shawara

Ɗalibar digiri na biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Ina aikin digiri na biyu a kan bambancin ƙwayoyin gado tsakanin nau'o'in kuɓewar gargajiya da na tattaro daga hannun manoma a jihohin Kano, Jigawa da Katsina, kuma yau wata biyu ke nan ban wuce mataki na farko ba, wato ciro DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, daga ganye. Hanyar CTAB, wani sinadarin sabulu mai fasa ƙwayoyin halitta, nake bi kamar yadda aka saba, kuma ga abin da ke cikin ruwan haɗina: CTAB kashi 2 cikin ɗari, gishiri mola 1.4, Tris mai daidaita tsamin ruwa milimola 100 a kan pH 8, da EDTA mai kare DNA daga lalacewa milimola 20. Makaftoyitanol kuwa, wato sinadarin da ke hana niƙaƙƙen ganye canza launi, na zuba shi cikin kwalbar haɗin tun ranar da na haɗa ta, sama da wata guda da ya wuce. Ba mu da ruwan naitirojin da ake daskarar da ganye da shi kafin niƙa, don haka nakan niƙa ɗanyen ganye kimanin miligiram 200 a cikin ƙaramin turmi tare da ruwan haɗin, in ɗumama a digiri 65 na minti 45, in wanke da kulorofom sau ɗaya, sannan in zuba aisofurofanol mai kwantar da DNA in bar shi ya kwana a firiza.

Abin da nake tararwa a gindin bututu da safe wani dunƙule ne babba, mai santsi, launinsa tsakanin ruwan ƙasa da ruwan goro, kuma idan na narkar da shi na ja da fifet sai ya biyo bakinta da zare, kamar dai miyar kuɓewa a ludayi. Na'urar NanoDrop mai auna yawan DNA tana nuna mini nanogiram 700 zuwa 900 a kowace maikirolita, ma'aunin tsabta na 260/280 yana kai wa 2.0, amma na 260/230 bai taɓa wuce 0.9 ba. A jel kuwa, wato daskararren ruwan da ake tura DNA a cikinsa da lantarki don a gan shi, yawancin abin yana maƙalewa a cikin rami, ragowar ya yi jirwaye har ƙasa. Na gwada PCR, wato ninka wani yanki na DNA, da firaima shida, gajerun DNA masu nuna inda za a fara ninkawar, amma ko layi ɗaya bai fito a jel ba. Wani abokin karatuna ya ce in daina wahala in sayi kit, wato haɗaɗɗun kayan ciro DNA na kamfani, amma samfurina 96 ne kuma daga aljihuna nake biyan kayan aiki. Ina roƙon wanda ya taɓa aiki da ganye mai yauƙi ya nuna mini inda nake kuskure, kuma ya bayyana mini dalili, domin ina so in fahimci abin da nake yi.

Malamin kimiyyar sinadaran halitta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Matsala biyu ce gare ki a cikin bututu ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, shi ya sa zan raba su.

Ta farko ita ce launin nan na ruwan goro. Ganye yana ɗauke da sinadaran fenol a wani ɓangare na ƙwayar halittarsa, yana kuma ɗauke da wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai jan ƙarfe a jikinsa a wani ɓangaren dabam, kuma muddin ganyen yana lafiya ba sa haɗuwa. Da zarar kin niƙa shi a sarari, sai su gauraya da iskar oksijin, inzayim ɗin ya mayar da fenol zuwa kwinon. Shi ne abin da ke faruwa idan an fasa goro ko an yanka gauta aka bar shi ya sha iska. Illar kwinon ita ce yana ɗaurewa da furotin da DNA ɗauri na dindindin, wanda wanki ba ya kwancewa, saboda haka rigakafi ake yi masa tun kafin ya samu. Aikin makaftoyitanol ke nan, amma shi sinadari ne mai saurin tashi da saurin lalacewa a iska, kuma wanda ya yi wata guda a kwalba ƙarfinsa ya riga ya tafi. Ki riƙa ɗiban ruwan haɗin da za ki yi aiki da shi a ranar kawai, ki zuba masa sabo daidai lokacin da za ki fara, kuma ga irin wannan ganye ki ɗaga shi zuwa kashi 1 cikin ɗari. Ki ƙara PVP kashi 2 cikin ɗari, domin shi yana kama fenol ɗin ya riƙe shi har kulorofom ya tafi da su tare.

Ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce yauƙi. Yauƙin kuɓewa doguwar sarƙar sukari ce daga dangin fektin, an gina ta da ramnos da galaktos da wani asid da ake kira galakturonik, kuma wannan asid ɗin ne ya sa sarƙar take ɗauke da cajin lantarki mai kore, irin wanda DNA ke ɗauke da shi a kan fosfet ɗinsa. Ki duba yadda CTAB ke aiki. Shi sabulu ne mai caji mai tabbata, wato kishiyar cajin DNA. Idan gishiri ya yi ƙasa da kimanin mola 0.5, yana kama DNA su kwanta tare, amma yana kwantar da sarƙoƙin sukari masu asid a lokaci guda. Idan gishiri ya haura mola 0.7, DNA yana zama a narke, CTAB ya kama furotin da yawancin sarƙoƙin sukari, in ban da waɗanda asid ya fi yawa a jikinsu. Kin ga ke nan ta ko'ina aka bi, yauƙin yana kwaikwayon DNA yana bin sa. Hanyar CTAB da Murray da Thompson suka wallafa a 1980, da gyaran da Doyle da Doyle suka yi mata a 1987, hanya ce mai kyau, sai dai iyalin tsiron da kuɓewa ta fito yana cikin waɗanda suka fi ba ta wahala. Rama, yakuwa, lalo, kuka da auduga duk 'yan gida ɗaya ne da ita, kuma duk wanda ya yi aiki da su ya san wannan kuka.

Abin da na ga ya fi aiki shi ne a fitar da yauƙin kafin a fasa cibiyar ƙwayar halitta. Bayan kin niƙa, kada ki zuba CTAB nan take. Ki fara wanke niƙaƙƙen ganyen da ruwan sobitol, wani dangin sukari, mola 0.35 mai ɗauke da Tris, ɗan EDTA, PVP da makaftoyitanol, ki juya a injin juya bututu a hankali, ki zubar da ruwan sama. Sobitol yana hana cibiyar fashewa, don haka DNA yana nan kulle a ƙasa, yauƙi da fenol kuma suna tafiya da ruwan da kika zubar. Ki maimaita sau biyu, sau uku, har sau huɗu idan ya kama, sai kin ga ruwan ya daina jan zare. Bayan haka ki zuba CTAB mai gishiri mola 2, ki wanke da kulorofom da aisoamil 24 bisa 1 sau biyu, kuma wajen ɗibar ruwan sama ki haƙura da na kusa da farin layin tsakiya.

Sauran abu biyu. Miligiram 200 ya yi yawa ƙwarai; ki koma 50 a cikin mililita ɗaya na ruwan haɗi. Sannan ki daina kwanar da shi a firiza, domin tsananin sanyi da daɗewa suna kwantar da yauƙi da gishiri tare da DNA. Ki ƙara rabin awo na gishiri mola 5, ki zuba aisofurofanol kimanin kashi biyu cikin uku na yawan ruwan, ki bar shi minti goma a kan tebur, ki juya, ki wanke da itanol kashi 70 sau biyu. Gishirin mai yawa yana riƙe sarƙoƙin sukari a narke yayin da DNA ke kwanciya. Kulorofom da makaftoyitanol kuma a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi ake buɗe su, don Allah kada ki yi sakaci da wannan ko da wasu suna yi.

Mai bincike a kan furotin ta amsa:

Dakta ya gama da ɓangaren sinadari, ni kuma zan tsaya a kan lambobin da kika kawo, ƙanwata, domin ina jin 900 ɗin nan ce ta fi ruɗa ki. NanoDrop ba ta ganin DNA. Abin da take aunawa shi ne yawan hasken da ya ɓace idan ya ratsa ɗigon ruwa a tsayin nanomita 260, inda zobban tubalan nan huɗu na DNA suka fi shan haske. Sai ta ninka abin da ta samu da 50, saboda an san cewa DNA mai igiya biyu, nanogiram 50 a maikirolita, yana ba da shan haske na 1 idan hasken ya ratsa santimita ɗaya. Duk wani abu da ya sha haske a wannan tsayi, ko ya warwatsa shi, za a lissafa miki shi a matsayin DNA. RNA, ɗan'uwan DNA mai igiya ɗaya, yana sha, gutsattsarin tubalan da suka warwatse suna sha, fenol yana sha, gurɓataccen ruwa mai yauƙi kuma yana warwatsa haske. Ba ki ambaci RNase, inzayim ɗin da ke narkar da RNA, a cikin matakanki ba, kuma ƙwayar halitta ta fi tara RNA a kan DNA nesa ba kusa ba, don haka ina kyautata zaton babban kaso na lambar nan RNA ne. Ma'aunin 2.0 da kika samu shi ma haka yake nunawa, tunda tsabtataccen DNA a kusa da 1.8 yake tsayawa, RNA ne ke kai wa 2.0. Har DNA ɗin da ya lalace yana ƙara lambar, domin tubalan da ke jere kan juna a cikin igiya biyu suna rage wa juna shan haske, idan igiyoyin suka rabu sai shan hasken ya ƙaru da sama da kashi ɗaya cikin uku.

Shi kansa ma'aunin 260/280 ana ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Otto Warburg da Walter Christian ne suka fito da wannan dabara a Jamus a farkon shekarun 1940, kuma abin da suke nema shi ne gano ɓurɓushin asid na cibiya, wato DNA da RNA, a cikin furotin da suka tace, wato akasin abin da muke yi da ita yau. Furotin yana shan haske a 280 ne saboda tubalai biyu da ke jikinsa, tirftofan da tairosin, kuma shan nasa kaɗan ne: miligiram ɗaya na furotin a mililita yakan ba da kimanin 1, alhali DNA mai wannan nauyi yana ba da 20 a 260. Don haka furotin zai iya cika bututunki ma'aunin bai motsa sosai ba. Har ruwan da kika narkar da samfurin a ciki yana canza shi, domin ruwan da ya ɗan karkata zuwa asid yana saukar da ma'aunin, shi ya sa ake so ki narkar a TE, wato ruwan Tris da EDTA, ki kuma daidaita na'urar da wannan TE ɗin.

Lambar da ta faɗa miki gaskiya ita ce 0.9. Samfuri mai tsabta yana ba da 2.0 zuwa 2.2 a ma'aunin 260/230, kuma sarƙoƙin sukari, fenol da ragowar EDTA duk a wajen 230 suke bayyana. Ki riƙa duba zanen da na'urar ke fitarwa gaba ɗaya: ya kamata ki ga kwari a 230, tudu a 260, sannan layin ya kwanta a sifili daga 320 zuwa sama. Idan kina son sanin ainihin yawan DNA kuma ba ku da Qubit, wadda ke amfani da rini mai ƙyalli da ke kama DNA mai igiya biyu kaɗai, to ki zuba DNA na lamda, wanda ake saye da sanannen awo, nanogiram 25, 50 da 100 a gefen samfurinki a jel na agaros kashi 0.8, ki kwatanta haskensu da ido. Na fi yarda da wannan a kan lambar na'ura idan ganye mai yauƙi ne.

Kafin ki zubar da tsofaffin samfuranki, ki yi gwaji ɗaya mai araha. Ki sirka su da ruwa, 1 cikin 10, 1 cikin 50, 1 cikin 100, ki yi PCR da firaimar rbcL, wato ƙwayar gadon da ke gina babban ɓangaren furotin Rubisko. Tana cikin kulorofilas, koren ɓangaren ƙwayar ganye, kwafinta yana da yawa ƙwarai a kowace ƙwayar ganye, kuma tun 2009 aka amince da ita tare da wata ƙwayar gadon mai suna matK a matsayin alamar tantance tsirrai, don haka firaimarta ba ta wuyar samu. PCR nanogiram kaɗan yake buƙata, sirkawa kuma tana rage ƙarfin abin da ke danne inzayim ɗin Taq mai ninka DNA a PCR. A wani bututun ki gauraya samfurinki da DNA da kika tabbatar yana aiki. Idan shi ma ya mutu, kin tabbatar cewa mai hanawa ne a ciki. Ƙara furotin ɗin BSA a cikin PCR kimanin maikirogiram 0.4 a maikirolita yana taimakawa wajen fenol.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya amsa:

'Yata, shekaru masu yawa na yi ina niƙa ganye ba tare da ruwan naitirojin ba, kuma rashinsa bai hana aiki ba. Abin da ban ji kin faɗa ba shi ne wane irin ganye kike tsinka. Idan babban ganye ne daga shukar da ta fara fure, to kin zaɓi wanda ya fi kowanne yauƙi da fenol. Tunda iri kika tattaro, ki shuka shi a tukwane, ki jira ganyen gaskiya na farko ya fito yana ɗan ƙarami bai gama buɗewa ba, ki rufe tukwanen a duhu kwana ɗaya ko biyu domin shukar ta cinye sitacin da ta tara, sannan ki tsinka da sassafe, ki cire jijiyar tsakiya. Ki yanke shawara da malaminki tun yanzu ko shuka ɗaya za ta wakilci kowane iri ko za ki haɗa ganyen da yawa, domin irin da manomi ya ajiye ba lallai ya zama tsantsa ba, ƙwari suna kai garin fure daga wannan gona zuwa waccan.

Na fi son busar da ganye a cikin silika, ƙwayoyin nan masu shanye laima. Ki sa shi a 'yar ambulan, ki binne a cikin silika mai ninki goma na nauyinsa a mazubi mai murfi, kuma idan shuɗin ƙwayoyin ya koma ruwan hoda ki canza, ki gasa tsohuwar a oban ki sake amfani da ita. Ganyen da ya bushe cikin yini ɗaya yana zama kore shar yana karyewa kamar takarda, kuma inzayim ɗin da Dakta ya yi bayani ba ya aiki inda babu ruwa. Miligiram 15 zuwa 20 na busasshe ya isa, a niƙa shi da ɗan tsabtataccen yashi ya zama gari. Kada ki shanya a rana, kada kuma ki bar shi ya yi gumi a leda.

A kan kit kuwa ban yarda da abokin karatunki ba. Na ga yauƙi ya toshe matatar silika ta kit mai tsada, aka yi ta juyawa ruwa ya ƙi wucewa. Idan ma za ki saya, sai kin yi wankin sobitol tukuna. Akwai kuma wani kuskure da nake yawan gani: ɗalibi ya sa bututu mai CTAB a ƙanƙara ko ya juya shi a inji mai sanyi kafin wankin kulorofom. CTAB yana daskarewa ya fita daga ruwa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma yakan ja DNA su tafi tare. Wajen gauraya ki riƙa kifa bututu a hankali, kada ki girgiza shi da inji, domin DNA zare ne mai faɗin nanomita 2 kacal ga tsawo, kuma girgiza tana tsinka shi. Wani ɓangare na jirwayen da kika gani a jel daga nan yake. Idan wutar lantarkinku ba ta tsayawa, firizar da ke daskarewa tana narkewa kullum ta fi firji cutar da DNA. Ki raba kowane samfuri biyu, na aiki a TE a cikin firji, na ajiya kuma ki bar shi a dunƙule a ƙarƙashin itanol.

Ɗalibar digiri na biyu ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Dakta, Anti da Baba. Na yi mako uku ina gwadawa. Daga cikin tsofaffin samfura 12 da na sirka 1 cikin 50, tara sun ba da layin rbcL, abin da ya tabbatar mini cewa DNA yana nan tun farko. Da sabon toho da na busar a silika, bayan wankin sobitol sau uku da RNase a digiri 37 na rabin awa, dunƙulen ya zama ɗan ƙarami fari, lambar ta sauko zuwa tsakanin 60 da 110, ma'aunin 260/280 ya tsaya a 1.8, na 260/230 kuma ya hau zuwa 1.7. A jel layi ɗaya ne mai kauri a sama, babu abin da ya maƙale a rami, kuma firaima huɗu cikin shida suna aiki. Inda na tsaya yanzu shi ne nau'o'i bakwai masu jan kara da jan jijiya, waɗanda har yanzu dunƙulensu yana da ɗan launi kuma ba sa ba da layi sai an sirka su sosai. Shin in ƙara PVP ne, ko in ƙara yawan wanki?

Malamin kimiyyar sinadaran halitta ya amsa:

Madalla, Malama. Jan launin nan antosayanin ne, irin wanda ke cikin zoɓo, kuma shi ma daga dangin fenol yake, amma yana narkewa a ruwa, don haka wankin sobitol ne ya fi dacewa da shi. Ki ci gaba da wankewa har ruwan sama ya fita ba launi, kuma ki tabbatar PVP da sabon makaftoyitanol suna cikin ruwan wankin kansa, tunda a lokacin ne fenol ɗin ke fitowa. Kada ki wuce kashi 3 cikin ɗari na PVP. Ga waɗannan bakwai ɗin ki rage ganyen zuwa miligiram 10, ki cire jijiyoyin gaba ɗaya, ki sa BSA a cikin PCR. Firaima biyun da suka ƙi kuwa, tunda sauran huɗu suna aiki a kan samfuri ɗaya, ki nemi matsalar a wajen zafin mannewarsu: ki gwada daga digiri 50 zuwa 60 a jere, ki turo mana hoton jel ɗin mu duba tare.